Wa Ya Makantar da Radar Iraƙi da Ƙarfe 2:38?

Ranar 17 ga Janairun 1991, da ƙarfe 2:38 na dare, wasu tashoshin rada guda biyu a hamadar yammacin Iraƙi, daf da iyakar Saudiyya, suka mutu murus. Aikinsu shi ne su hango jirgin abokan gaba tun yana nesa, su sanar da Bagadaza. Amurka da ƙawayenta sun sa ƙarfe 3:00 a matsayin lokacin soma Yaƙin Tekun Fasha, ke nan saura minti 22. To me ya iya zuwa har ƙofar na'urar da aka kafa don kada komai ya zo ba a gani ba?

Wanda ya san makaman Amurka na lokacin zai fara zargin F-117, jirgin nan da rada ke wahalar kamawa, ko kuwa makami mai linzami na Tomahawk. Dukansu sun yi aiki a daren, amma a wasu wurare. Tashar rada tarin motoci ne da tireloli da janareto da eriya, a warwatse cikin fili. Wanda ya saki bom ya wuce ba zai iya rantsewa cewa ya gama da su ba, kuma eriya ɗaya in ta tsira ta isa ta tona asirin jiragen da ke biye. Kwamandan yaƙin, Janar Norman Schwarzkopf, yana son wanda zai tsaya ya harba, ya duba da idonsa, in akwai saura ya ƙara. Jirgin da ke iya tsayawa cak a iska shi ne mai saukar ungulu. Aka ba jiragen AH-64 Apache guda takwas aikin, ƙarƙashin Laftanar-Kanar Dick Cody, aka raba su gida biyu, kowane rukuni da tasharsa.

Sai dai wannan amsar ta haifi wata tambayar. Jirgi mai saukar ungulu ba shi da saurin kirki, ga ƙara, ga farfela mai juyawa wadda rada ke saurin ganewa. Yaya aka yi ya isa? Rada kamar tocila take: haskenta a miƙe yake tafiya, ita kuwa duniya a gantsare take, don haka abin da ya manne da ƙasa yana nesa, hasken ta samansa yake wucewa. In ma ya matso, siginar da ke dawowa daga gare shi takan cakuɗe da wadda ke dawowa daga tuddai da duwatsu. Jiragen suka tashi daga Al Jouf a arewacin Saudiyya, suka yi ƙasa-ƙasa, 'yan mitoci kaɗan tsakaninsu da rairayi, babu fitila, babu magana a rediyo.

Tafiya haka a daren da babu farin wata ai neman ajali ne, sai in mutum yana da wani idon. A nan ne ƙirar Apache ta nuna kanta. A kan hancinsa akwai na'urori biyu masu ganin zafin jikin abubuwa maimakon haske: ɗaya ta matuƙi da ke zaune a baya, ɗaya ta maharbi da ke gaba. Hoton yana zuwa ne cikin wani ɗan gilashi da ke gaban idon dama, a jikin hular kwano. In matuƙi ya juya kansa, na'urar ta juya tare da shi, kuma ana iya haɗa bindigar mai milimita 30 da ke ƙarƙashin jirgin ita ma ta riƙa bin kan. Ke nan idon dama yana kallon duniyar zafi, na hagu yana kallon allon cikin jirgi da duhun waje. Sababbin matuƙa kan yi fama da ciwon kai kafin ƙwaƙwalwa ta saba, kuma ban ga laifinta ba.

Gani daban, sanin hanya daban. Apache na wancan zamani yana lissafin inda yake ne ta auna gudunsa a kan ƙasa, kuskure kuma yana taruwa da tsawon tafiya, ga hamada babu kogi ko titi da za a gyara lissafi da shi. Mafita ta zo daga wani jirgin dabam, MH-53 Pave Low na rundunar sojan sama, wanda ke da GPS lokacin da na'urar take sabuwa. Irin waɗannan jiragen ne suka yi jagora. Da aka kai wani wuri da aka riga aka san lambobinsa, 'yan kilomita kafin tashoshin, sai suka jefa sandunan roba masu ƙyalli a ƙasa suka kauce. Kowane Apache ya bi ta kan hasken, ya gyara lissafinsa, ya ci gaba ba tare da jagora ba. Jirgin miliyoyin daloli, amma abin da ya nuna masa hanya a ƙarshe ɗan sanda ne mai arha. Batun mai kuwa, tanki mai cin galan 230 aka rataya wa kowanne a fiffike ɗaya, inda tulun roka ya saba zama.

Saura yadda za a kashe tashar kafin wani ya ɗaga waya. Makamin Hellfire yana kai wa kusan kilomita 8, yana bin ɗigon hasken lesa da maharbi ya ɗora a kan abin da ake nufi. Saboda haka ba sai an je kansu ba. Aka fara da janareto da ɗakunan sadarwa, sannan eriyoyin, daga baya aka bi sauran da roka da bindiga. Cikin 'yan mintuna an gama, matuƙan suna kallon ɓarnar ta na'urorinsu, suka tabbatar, suka juya. Ta wannan giɓin ne ayarin jiragen yaƙi ya kwarara cikin Iraƙi, duka Apache takwas ɗin kuma suka koma Saudiyya.

Dabarar manne wa ƙasa tana da farashinta. A watan Maris na 2003, kusa da Karbala a Iraƙi, Apache wajen 30 suka bi ƙasa-ƙasa ta kan garuruwa da gonaki maimakon hamada. Babu buƙatar rada a wurin, kunne ya wadatar. Mutanen da ke ƙasa suka buɗe musu wuta da ƙananan bindigogi, kusan dukkansu suka koma da huji, ɗaya ya faɗo, aka kama matuƙansa biyu.