Asiri da Rufa-Ido a Fim ɗin The Prestige

Kalmar asiri tana da ma'ana biyu a Hausa, wato abin da aka ɓoye, da kuma sihiri. A kansu duka fim ɗin The Prestige na Christopher Nolan (2006) ya dogara. Labari ne na 'yan dabo biyu, Angier da Borden, masu gaba da juna a Landan, ƙarshen ƙarni na 19. Borden ya ɓoye cewa shi ɗan tagwaye ne, ko matarsa ba ta sani ba. Angier kuwa ya nemi na'urar Tesla mai aiki tamkar tsafi. Mutumin Ƙofar Dawanau da ya san wasan rufa-ido zai gane tushen gabar nan take, domin ɗan dabo da asirinsa yake cin abinci, ranar da aka tona shi sana'a ta mutu.