Komawa kan babur bayan shekaru: wanne ne ya dace da mace marar tsawo?

Jama'a, a watan Fabrairun 2015, bayan hare-haren da Boko Haram ta kai Bosso da garin Diffa, an kafa dokar ta-ɓaci a jiharmu, kuma cikin matakan da hukuma ta ɗauka har da hana zirga-zirgar babura. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Ƴan kabu-kabu suka rasa sana'a, adaidaita ta cika gari, babura kuwa wasu aka sayar, wasu aka jingine su a zaure suna shan ƙura. Abin ya shafi mata su ma, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ƴan kasuwa waɗanda da babur suke zuwa aiki.

A wuraren da hukuma ta yarda a hau, tambayar da ke yawan zuwa mana daga mata ita ce: "Ni ba ni da tsawo, kuma na daɗe ban tuƙa ba, wane iri zan saya?" Sau da yawa kuma mai biyan kuɗin ɗan'uwa ne da ke Yamai, ko Legas, ko Libiya, wanda a hoton waya kawai zai ga babur ɗin. To amsarmu a taƙaice: kada a biya ko dala sai ita mai hawan ta zauna a kai, an ga ƙafafunta biyu sun taka ƙasa.

Me ya sa ƙafa ce ma'auni?

Saboda rairayi. In aka sauka daga gudurun ɗin RN1, wanda ya bi ta Maine Soroa da Diffa zuwa Ngigmi, yawancin hanyoyin unguwanni da na ƙauyukan bakin Komadugu rairayi ne, da damina kuma taɓo. A kan kwalta, mace na iya tsayawa da ɗan yatsan ƙafa ta tallafe babur. A rairayi yatsan nutsewa yake yi, babur ya karkata, nauyinsa ya danne ƙafa, salansa mai zafi ya ƙone ƙwauri. Irin wannan faɗuwa ba ta buƙatar gudu. A bakin ƙofar gida ma tana faruwa, ko wajen juyawa a kasuwa.

Iri uku da ake samu

Na farko shi ne irin na kabu-kabu, mai tanki a gaba, kamar Boxer da Kasea. Yana da ƙarfi, yana jure kaya, kayan gyaransa kuma ba su da wuyar samu. Amma kujerarsa takan kai santimita 78 zuwa 80 daga ƙasa, nauyinsa kilo 110 zuwa sama, ga tanki a sama yana ƙara masa rinjaye. Hawansa sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, abin da ke da wuya ga mai zani.

Na biyu shi ne mai buɗaɗɗen gaba, wanda a Najeriya ake kira roba-roba, kamar Yamaha Crypton da ire-irensa na kamfanonin Sin. Asalin ƙirarsa daga Super Cub ne, wanda Honda ta fitar a Japan a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100 nasa. Kujerarsa wajen santimita 76 ko 77 ce, nauyinsa kimanin kilo 100. A takarda bambancin kaɗan ne, amma kujerar siririya ce, ƙafa na sauka a miƙe, tankin yana ƙarƙashin kujera, kuma yawancinsu ba su da kulocin hannu. Tayarsa babba ce, inci 17, tana iya rairayi daidai gwargwado. Shi ne za ka ga mata sun cika titunan Wagadugu da Bamako a kansa.

Na uku shi ne sikuta, mai ƙananan tayu inci 10 ko 12, wanda ba a sa masa giya. Yana da kyau a ido, ƴan'uwa na waje kuma suna son sa. Sai dai ƙaramar taya na nutsewa a rairayi, cikinsa na gugar ƙasa, faɗin wurin aje ƙafa kuma yakan sa gajeriyar ƙafa ta kasa kai ƙasa da kyau. Ga wadda hanyarta duk kwalta ce, babu laifi. Ga mai zuwa Gueskerou ko garaken tattasai a bakin kogi, mu dai shawararmu na biyun ne.

Gwajin da za a yi a wurin mai sayarwa

Ki je da takalmin da kike zuwa aiki da shi, da irin suturar da kika saba sawa. Ki sauke babur daga jakinsa ki zauna. Aƙalla gaban tafin ƙafafunki biyu ya taka ƙasa sosai, ba kan yatsa ba. Ki karkata shi dama da hagu ki ji ko za ki iya dawo da shi. Ki juya kan har ƙarshe ba tare da kin zame daga kujera ba, ki duba ko yatsunki na kama birkin hannu. Sannan ki sauka ki tura shi baya, ki ɗora shi kan jakin tsakiya da kanki. In mai sayarwa ya hana wannan gwaji, shago ba ɗaya ba ne. A zaɓi mai sitata da kik duka biyun, don batir na iya mutuwa a daji.

In saura kaɗan ƙafa ta kai, mai ɗinkin kujera zai iya rage soson da santimita 2 ko 3, ya kuma fiƙe gefensa. Bakanike zai iya sassauta shokoba na baya idan mai matakai ne. Amma kada a sa taya ƙarama don a rage tsawo, domin tana ɓata tuƙi.

Tsohon da ke zaure fa?

Kada a zuba mai kawai a tayar. Tayar da ta yi shekaru a ajiye takan bushe ta tsage ko da zanenta bai cinye ba. A jikin tayu da yawa akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna ranar ƙira: 2314 na nufin mako na 23 na shekarar 2014. Irin wannan a canza ta. A wanke tanki da kabureta, a juye baƙin mai, a duba wayoyin birki da sarƙa.

Hannu ma sai an sake koya masa

Wadda ta yi shekaru ba ta hau ba ta fara da fili, da sassafe, babu goyo, babu kaya. A rairayi kada a damƙe birkin gaba, a bar shi a ƙaramar giya, ido na kallon nesa. A tattare hijabi da bakin zani, a tabbata murfin sarƙa na nan, don gefen mayafi in ya shiga taya fizge mutum yake yi. Hular kwano kuwa dole ce. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta nuna cewa in an ɗaura ta daidai tana rage haɗarin rauni a kai da kusan kashi 70 cikin 100.

Maganar takardu

Kafin a kashe kuɗi, a je ofishin magajin gari ko na jandarma a tambayi ƙa'idar hawan babur a yankin da za a yi amfani da shi, da lokutan da aka yarda, domin matakan tsaro kan canza. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji da ta shasi, a yi kart giriz da lamba da asirans.

Ku kuma ƴan'uwa na nesa, Allah ya saka da alheri. In za ku aiko, ku haɗa da kuɗin hula da na takardu, zaɓin kuwa ku bar wa mai hawa. Allah ya kiyaye hanya, ya ƙara mana zaman lafiya a Manga baki ɗaya.