Jingar Lissafi da Kimiyya: amsa kake nema ko fahimta?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau da ƙannenmu na jami'a zan yi magana, musamman 'yan aji ɗaya da aji biyu masu karanta Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji da Kwamfuta. Duk wanda yake cikin guruf ɗin WhatsApp na ɗalibai ya san irin saƙon nan. Hoton takarda a karkace, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, a ƙasa an rubuta: "Don Allah a taimaka da amsa, gobe da safe za a karɓa." Neman taimako a jinga, wato asainmen, ba abin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata. Amma akwai neman taimakon da yake gina ɗalibi, akwai wanda yake rusa shi a hankali bai sani ba. Bambancin su nake so mu fayyace.

Bari mu fara da dalilin da ya sa buƙatar ta yi yawa a wajenmu. A da, ɗan Jigawa in zai yi digiri sai ya nufi Kano ko Zariya ko Maiduguri. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse. A 2013 aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda daga baya aka sa wa sunan Sule Lamido. A 2021 kuma aka samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura. Alhamdu lillahi, yanzu yaron Bulangu ko Auyo ko Miga ko Jahun yana iya yin digiri kusa da gida. Sai dai da yawa daga cikin yaran nan su ne na farko a gidansu da suka taka jami'a. Babu yaya ko kawu a gida da za a kai wa tambayar kalkulas. Iyaye addu'a da guzuri za su iya bayarwa, kuma suna bayarwa. Sauran kuwa dole yaro ya nemo a waje.

Ga kuma tsallen da ke tsakanin sakandare da jami'a. A WAEC da NECO da JAMB, mai ƙoƙarin haddar fomula yana iya tsallakewa. A jami'a, tun zangon farko ana jiran ka da MTH 101, PHY 101 da CHM 101, zango na biyu ga MTH 102, wato kalkulas, wanda wasu sun ɗan leƙa shi a ƙarshen SS3, wasu kuwa ko sunansa ba su ji ba. Waɗannan kwasa-kwasan kusan duk 'yan kimiyya ne ke ɗaukar su tare, don haka a jami'o'in gwamnati aji yakan cika maƙil. Lakcara ba zai iya bin kowa kujera-kujera ba. Sannan ga Turanci. Wani ɗalibin ba lissafin ne ya ka da shi ba, tambayar ce bai gane abin da take nufi ba.

To a irin wannan hali, hanya mafi sauƙi ita ce kwafa. Wani haziƙi ya yi, a ɗauki hoto, kafin asuba rabin aji sun juye. Wani ma biya yake yi a yi masa. Mu yi lissafin abin a fili. A yawancin jami'o'inmu, gwaje-gwajen cikin zango gaba ɗaya maki 30 ne ko 40, jarrabawa kuma 70 ko 60. A cikin 30 ɗin nan, a ce jinga ta ci 10, gwajin aji ya ci 20. Ka kwafa ka samu 10 ɗinka cif. Ranar gwaji babu waya, ka samu 4. Kana da 14 ke nan. In makin tsallakewa 40 ne, kana buƙatar 26 a jarrabawar da irin tambayoyin jingar ne za su fito, an ɗan sauya lambobi kawai. Wanda bai taɓa warware ko ɗaya da hannunsa ba, ina zai samo 26? Ya sayar da 70 ya sayi 10. In kwas ɗin mai yunit 3 ne, wanda ya ci A ya tara maki 15 a lissafin CGPA, wanda ya faɗi ya tashi da sifili, ga kari-oba tana jiran sa baɗi.

Wanda ya tsallake da ƙyar ma bai tsira ba, domin lissafi kamar ginin bulo yake, layi kan layi. Aljabarar MTH 101 ita za ka yi amfani da ita a kalkulas. Kalkulas ɗin kuma shi zai biyo ka aji biyu da aji uku, a Fiziks, a Kemistiri, har a Kwamfuta. In layin ƙasa ya karkace, duk abin da ka ɗora a kai tsagewa zai yi.

To yaya ake neman taimakon da zai amfane ka? Bari in ba da misali da irin tambayar PHY 101. Mota ce ta taso daga Haɗeja za ta Kafin Hausa, tana gudun kilomita 72 a awa ɗaya. Direba ya taka birki, gudun ya riƙa raguwa daidai wa daida har ta tsaya cikin daƙiƙa 4. Mita nawa ta ci kafin ta tsaya?

Ɗalibi na farko ya turo hoto ya ce: "A taimaka da amsa." Aka ce masa mita 40. Ya rubuta, ya kwanta. Bai ƙaru da komai ba.

Ɗaliba ta biyu ta rubuto: "Na ɗauki matsakaicin gudu, wato rabin 72, na samu 36. Na ninka da 4 na samu 144. Amma littafi ya ce 40. Ga hoton aikina, ina na kauce?" Kun ga wannan, duk wanda ya san abin cikin minti ɗaya zai gano matsalar. Hanyarta daidai ce. Ma'auni ne ba ta sauya ba: gudun yana kilomita a awa, lokacin kuma yana daƙiƙa. Kilomita 72 mita 72,000 ne, awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce. In ka raba, mita 20 ke nan a kowace daƙiƙa. Rabin 20 shi ne 10, sau 4 ya ba da 40. Wannan yarinya har ta gama digiri da wuya ta sake mantawa da duba ma'auni, domin a kan kuskurenta aka koya mata.

Saboda haka kafin ka tura tambaya, ka cika sharuɗɗa uku. Na ɗaya, ka zauna da ita kai kaɗai ko da minti ashirin ne, da biro da takarda. Na biyu, ka rubuta abin da aka ba ka da abin da ake nema, da kalmominka, ko da Hausa ne. Na uku, ka nuna inda ka tsaya. "Ban gane ba" ba tambaya ba ce. "Na gane har layi na uku, amma ban san daga ina 2 ɗin nan ta fito ba", wannan ita ce tambaya.

Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Hungari, George Pólya, ya fitar da wani ɗan littafi a 1945 mai suna How to Solve It. Matakai huɗu ya kawo: ka fahimci tambayar, ka tsara hanya, ka bi hanyar, sannan ka waiwaya ka duba. Mu a nan mataki na uku muke afkawa kai tsaye, na huɗu kuwa ko kallonsa ba ma yi. Alhali waiwayen nan shi ne ke raba ka da dogaro da wani. Ka warware x² − 5x + 6 = 0 ka samu 2 da 3? Mayar da 2 ciki: 4 − 10 + 6, sifili. Ba sai ka tambayi kowa ko daidai ne ba. Kana shakkar ko (a + b)² daidai yake da a² + b²? Gwada da 2 da 3: ɗaya ya ba da 25, ɗaya ya ba da 13. Magana ta ƙare.

Sai maganar wa za ka tambaya. A nan akwai wani bincike da nake so ku sani. A tsakiyar shekarun 1970, wani malami mai suna Uri Treisman a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ya lura ɗalibai baƙaƙen fata suna yawan faɗuwa kalkulas, 'yan asalin Sin kuma suna cinyewa. Sai ya bi ɗalibai 20 daga kowane ɓangare ya ga yadda suke karatu. Ya tarar baƙaƙen fatar ba ragwaye ba ne, suna karatu sosai, amma kowa shi kaɗai a ɗakinsa. 'Yan Sin ɗin kuwa kowa zai fara yi shi kaɗai, sannan da yamma su haɗu, su duba aikin juna, su yi musu, su gyara wa juna. A 1978 ya buɗe zaman bita na rukuni-rukuni inda ɗalibai ke warware tambayoyi masu wuya tare, sakamakon ɗaliban ya tashi, har wasu jami'o'in suka kwaikwayi tsarin.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A makarantar allo da ta zaure, ɗalibi yana biya wa ɗan uwansa, na gaba yana jan na baya. Don haka ku haɗa rukuni na mutum uku zuwa biyar, kar ya wuce haka, in ba haka ba hira zai koma. Kowa ya gwada kafin a haɗu. Kowa ya tashi ya yi bayanin tambaya ɗaya da bakinsa. In za ka iya yi wa abokinka bayani da Hausa har ya gane, to ka iya. Ƙannena mata, na san wasunku kunya ke hana su ɗaga hannu a babban aji. Ku haɗa naku rukunin a hostal, ku nemi 'yar aji uku ko huɗu ta riƙa leƙo ku. Ku halarci tutoriyal ɗin da ƙungiyoyin sashe da irin su MSSN kan shirya. Kuma ku je ofishin lakcara, ku biyu ko uku, da aikinku a hannu. Malami yana bambance wanda ya zo roƙon maki da wanda ya zo da takarda cike da ƙoƙari.

Na san tambayar da ke ranku: to AI fa? Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, sannan Meta AI ya shigo WhatsApp a Najeriya a 2024, amsa ta zama araha. Ga Photomath, ga Wolfram Alpha. Ni ba na cewa a guje su. Amma ku san abu biyu. Na farko, irin su ChatGPT suna yin kuskure, kuma da cikakken ƙarfin hali suke yin sa, cikin tsararren Turanci. Wanda bai iya waiwaye ba ba zai gane ba. Na biyu, karanta amsar da aka warware yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali kallo ya yi. Kallon direba bai taɓa koya wa fasinja tuƙi ba. In za ka yi amfani da shi, ka tura masa aikinka ka ce ya nuna maka layin da ka yi kuskure, kar ya ba ka amsa. Ko ka ce ya ba ka mataki na farko kawai. Ko ya ƙirƙiro maka tambaya makamanciyar wannan. Bayan nan ka kife wayar, ka sake yi daga farko a farar takarda. In ka kasa, ba ka gama ba tukuna.

Akwai kuma darussa kyauta a Khan Academy da MIT OpenCourseWare. Shi Salman Khan ɗin ma da koya wa wata 'yar uwarsa lissafi daga nesa ya fara a 2004. Ranar da ka samu intanet mai ƙarfi ka sauke bidiyon da kake buƙata. A laburare kuma ka nemi Engineering Mathematics na K. A. Stroud, domin mataki-mataki yake tafiya, yana tambayar ka kafin ya nuna maka. Ka haɗa da tsofaffin takardun jarrabawar sashenku.

Yanzu gare mu, mu da muka gama ko muke ajin gaba. In ƙani ya turo tambaya, tura masa amsa ya fi sauƙi, zai ma yi ta sa maka albarka. Amma ba taimako ba ne. Ka ce: "Turo in ga inda ka tsaya." Ka ba shi mataki ɗaya, ka jira. Kuma don Allah a daina dizgi. "Wannan ma ba ka sani ba?" ita ce kalmar da ta rufe bakin yara da yawa har suka koma kwafa.

Abin ya wuce maganar maki. Wanda yake kwafar jinga yau a Kafin Hausa ko Dutse, gobe shi za a ɗauka a J-Teach a tura shi aji, ko ya tsaya gaban ɗaliban Sakandaren Kimiyya ta Kafin Hausa da alli a hannu. Shi zai zauna a ɗakin gwaje-gwajen asibiti yana auna jinin mahaifiyar wani. Mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a yankin Haɗeja da Kafin Hausa. Masu lissafin magudanan ruwa da jingar kogi na gobe, suna cikin ajin MTH 102 na yau. In mita 144 da mita 40 duk ɗaya ne a wajensu, mu ne za mu kwana a ciki.

Aikin wannan makon guda ɗaya ne. Ka ɗauko tambaya ɗaya daga jingar da ka riga ka miƙa, ka ajiye waya, ka gwada ta kai kaɗai. Inda ka tsaya, nan ne tambayarka ta gaskiya take. Ita za ka kai wa rukuninku.

A tura wa ƙani ko ƙanwa da ke jami'a. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa a gama lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.