Tabarau Ba Ya Mai Da Mutum Maharbi

Da zarar an kawar da amfanin gona, maharban Gadaka, hedkwatar masarautar Gudi da ke kudu da Potiskum a Jihar Yobe, sukan saɓi bindigoginsu su nufi dawa. Akasarinsu bindigar toka suke riƙewa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Matasa kuwa sun fara kwaɗayin tabaran nan na hangen nesa da ake ɗaura wa bindiga.

To, tabarau yana jawo abin farauta kusa da ido, wani har ninki 4, amma ba ya ƙara wa bindiga ƙarfi. An yi shi ne domin bindiga mai harsashi guda, ba ta toka mai watsa ƙarafa ba.

Asirinsa yana ga zobba biyun da ke riƙe shi. In tsakaninsu santimita 10 ne, ɗaya ya goce da milimita 1 kacal, harsashi zai kauce da mita 1 a nisan mita 100. Saboda haka sai a ɗaure kusoshi tam, a gwada saiti kafin a fita.

Babban haɗarin shi ne tabarau yana ƙuntata gani. Mai leƙe ba ya ganin makiyayin da ke gefen gada. Haka kuma Dokar Bindigogi ta 1959 ta wajabta lasisi. Harsashi dai in ya fita, ba ya jin kira. Allah Ya kiyaye.