Jerin ƙari da jerin ninkawa: yadda za ku bambanta su

Idan kuna shirin jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB, dole ku ci karo da AP da GP a darasin lissafi. Kada sunayen su firgita ku. Dukansu jerin lambobi ne, wato lambobin da ke bin juna bisa wata ƙa'ida.

Mene ne jerin ƙari?

Shi ake kira AP. Adadi guda ake ƙarawa a kowane mataki. Wanda ke jefa naira 500 a asusu duk mako, kuɗinsa za su tafi haka: 500, 1,000, 1,500, 2,000. Wannan 500 ita ce tazara, kuma ba ta canzawa.

Jerin ninkawa fa?

Shi ne GP. A nan ninka lamba ake yi da adadi guda don a sami ta gaba. Ga misali: 3, 6, 12, 24, kowace lamba ninki biyu ce ta wadda ta gabace ta. Yana iya yin ƙasa ma, kamar 80, 40, 20, inda ake ɗaukar rabi.

Yaya zan gane wanda aka ba ni?

Ku fara da ɗebewa: ku cire lamba ta farko daga ta biyu, sannan ta biyu daga ta uku. In amsar ta zo ɗaya, jerin ƙari ne. In ba ta zo ɗaya ba, ku raba ta biyu da ta farko, ta uku da ta biyu. Amsa ɗaya a nan na nufin jerin ninkawa ne.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne yanke hukunci da lambobi biyu kacal. Jerin da ya fara da 2, 4 zai iya ci gaba da 6, zai kuma iya ci gaba da 8. Akwai ma jerin da ba ya cikin ko ɗaya, irin su 1, 4, 9, 16.

Bambancin yana da girma ne?

Sosai. Mai tara naira 1,000 kullum zai sami 30,000 a kwana 30. Amma naira 1 da ake ninkawa biyu kowace rana, a rana ta 30 ta zama 536,870,912. A rana ta 10 kuwa 512 ce kawai, shi ya sa mutane ke raina ta da farko.

Don haka kafin ku rubuta amsa, ku gwada aƙalla lambobi uku na jerin.