Shin Ko Kun San? Wutar da ke Bin Salansar A-kori-kura

Shin ko kun san hayaƙin da ke fita daga injin a-kori-kura mai shan dizal, idan tana jan tirela a kan hawa, zafinsa kan haura digiri 650 a ma'aunin Salshiyos? Sanholon da ake ƙera fistin mafi yawan waɗannan motoci da shi kuwa yana narkewa ne a wajen digiri 660. Abin da ke ceton fistin shi ne wutar ba ta zama a kansa, kamar walƙiya take wucewa, sannan akwai baƙin mai da ake fesa masa ta ƙasa yana sanyaya shi. Amma idan hawan ya yi tsawo, direba kuma ya ƙi ɗaga ƙafa daga totur, sai kan fistin ya fara tsagewa ko ya ɓule.

Shin ko kun san allurar zafin ruwa da ke gaban direba ba ta faɗa masa wannan labari? Ruwan lagireto yana da nauyin jiki, sai a hankali yake ɗaukar zafi. Hayaƙi kuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi yake tashi ya sauka. Mota za ta iya soya kanta alhali allura na zaune lafiya lau a tsakiya. Shi ya sa masu jan kaya a Amurka, masu Ram da Ford da Chevrolet, suke huda bututun hayaƙi su dasa ma'auni na musamman. Ma'aunin ba wani abu ba ne illa wayoyi biyu na ƙarfe daban-daban da aka haɗe bakinsu: in mahaɗar ta yi zafi sai ta ba da 'yar wutar lantarki, abin da Bajamushe Thomas Seebeck ya gano tun 1821.

Inda aka dasa shi ma magana ce. Wanda aka sa bayan tobo, wato na'urar da ke tura wa inji iska, yakan nuna ƙasa da na gabansa da digiri 100 ko fiye, domin tobo ya riga ya sha wani kaso na zafin. Direbobi biyu sai su yi ta musu kan lamba, kowa da gaskiyarsa.

Shin ko kun san abin da ke ta da zafin ƙarancin iska ne? A nan masu saba da motar fetur suke ruɗewa. A injin fetur, ƙarin mai yana sanyaya hayaƙi. A na dizal akasin haka ne, domin shi da rarar iska yake aiki, kuma wannan rarar ce ke kwashe zafi ta fita da shi. Da zarar mai ya rinjayi iska, sai ƙonewar ta yi jinkiri, ta biyo hayaƙi har cikin bututu. Tobo shi ne zugazugin inji, sai dai a maƙera zuga tana ƙara wa wuta ƙarfi, a nan kuwa iskar da ya tura ita ce ke rage zafin hayaƙi. Baƙin hayaƙin da wasu samari ke alfahari da shi, wai alamar ƙarfin mota, man da bai ƙone ba ne, kuɗin mai motar ne ke tashi sama.

Daga nan ne dabara mafi arha ta fito, kuma ita ce direbobi suka fi ƙi. Mutum ya kama hawa da babbar giya, inji na nishi a ƙasa-ƙasa, shi kuma yana ƙara danna totur, yana ganin yana tausaya wa motar ne tunda ba ta kuka. Wannan nishin shi ne kisan. Ya sauko da giya ɗaya, inji ya ɗaga murya, tobo ya zabura, iska ta shigo, sai allurar hayaƙi ta faɗo nan take. A ganina duk wanda zai koyar da jan kaya, da wannan ya kamata ya fara kafin ya yi zancen sayen wani ƙarfe.

Shin ko kun san akwai hawan da kamfanonin mota suka mayar zakaran gwajin dafi? Yana jihar Arizona, kusa da madatsar ruwa ta Davis, tsawonsa kamar kilomita 18, yana ɗagawa sama da mita 900. Ƙa'idar da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta shimfiɗa, mai lamba J2807, ta ce a hau shi da cikakken lodi, zafin gari bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya mota kuma a kunne har ƙarshe. Kafin wannan ƙa'ida kowane kamfani da bakinsa yake yanka nauyin da motarsa za ta ja. Toyota ce ta fara bin ta, sauran manyan suka biyo baya daga baya.

Tudu kuma ƙara dagula lissafi yake, saboda iskar sama ba ta da kauri. Ramin Eisenhower da ke jihar Kolorado yana kan tsayin mita 3,400 da ɗoriya, inda iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya taɓa ganin manyan motoci na rarrafe a Hawan Kibo, hanyar Jos, suna tuttuɗo baƙin hayaƙi, ya ga ƙanin wannan lamari. Sai a haɗa da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, ko tiyon tobo da ya tsage yana zubar da iska, ko nozul mai ɗiga. Kowanne cikinsu ya isa ya ta da zafin hayaƙi.

Shin ko kun san kashe inji da zarar an kai saman hawa ganganci ne? Tobo na juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai ne ke sanyaya sandarsa. In aka murɗe makulli yana da zafi, man ya tsaya cik, ya dahu a wurin, ya zama gawayi. Minti uku zuwa biyar inji na aiki a tsaye sun wadatar.

Wani zafin kuma da gangan ake yin sa. Tun 2007 dokar Amurka ta sa a-kori-kura masu dizal suka fara zuwa da matatar da ke kama kunkunniya a cikin salansa. In ta cika, kwamfutar motar da kanta take ƙara mai har hayaƙi ya kai wajen digiri 600 don ta ƙone dattin. Wannan ne dalilin da za ku ga bakin salansar wasunsu da 'yan tagogi ko faffaɗan baki da ke jawo iskar waje ta gauraya da hayaƙin, kuma littattafan motocin na gargaɗin kada a ajiye su a kan busasshiyar ciyawa lokacin da wannan ƙona ke gudana.