Modibbo Adama: Malamin Da Ardo-Ardo Suka Raina, Sunansa Ya Rufe Ƙasashe Biyu

Duk ɗan kasuwar da ke safara tsakanin Garwa da Yola, ko ya gangara Ngaundare da kaya, cikin ƙasar Adamawa yake yawo, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san irin rainin da mai sunan ya sha kafin a kai ga haka.

Modibbo Adama Bafulatani ne daga zuriyar Ba'en, wadda ba ta cikin manyan gidajen Fulanin Fombina, wato ƙasar kudu. Ya yi shekaru yana yawon neman ilimi a Borno, ya komo gida ba garken shanu, ba tarin mabiya, sai allo da littattafai. A 1809 Shehu Usman Ɗanfodiyo ya damƙa masa tuta, ya naɗa shi jagoran Musulmin yankin, alhali akwai ardo-ardon da suka fi shi dukiya da dawaki da mayaƙa.

Nan fa aka yi ta gunaguni. Yaya za a yi malamin da ba shi da ko kori ya shugabanci masu garke? Buba Njidda na Rai, wato Rey-Bouba ta yau, ya daɗe yana ƙin sunkuyar masa da kai. Ga kuma yaƙin Mandara, inda Adama ya shiga Dulo, babban birninsu, daga baya aka fatattake shi. Masu shakka suka samu abin faɗa.

Duk da haka bai ajiye tutar ba, domin a wajensa amana ce da Allah zai tambaye shi a kanta. Ya zauna a Gurin, ya koma Ribadu, sannan ya kafa Yola a 1841, can ya rasu a 1847. Har ƙarshen rayuwarsa Modibbo aka fi kiransa, wato malam. Tarihi bai ɓoye cewa yaƙe-yaƙen zamanin sun jawo wa ƙabilu da dama bauta da ƙaura ba, amma ko masu sukarsa ba su musanta juriyarsa. Yau Kamaru na da yankin Adamawa tun 1983, Nijeriya kuma na da Jihar Adamawa tun 1991. Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mu ma a kasuwanninmu na kan iyaka muna ganin irin wannan jarrabawa. Wanda ya ƙi tauye mudu, ya ƙi cin riba, ya ƙi ɗaukar jabun magani ko da ribarsa ta ninka, shi ake kira wawa, har a ce masa, “Malam, ai kasuwa ba masallaci ba ce.” To ’yan’uwa, dariyar abokan rumfa ta kwana biyu ce, hisabi kuwa kowa shi kaɗai zai tsaya. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.